Tashi Da Sauƙi, Sauka Ce Aiki: Tarihin Haɗurran Masu Koyon Tuƙin Jirgin Sama

Idan aka ce haɗarin jirgin sama, hankalin kowa kan tafi ga manyan jiragen fasinja, irin waɗanda idan ɗaya ya faɗi duk gidajen rediyo sai sun kwana suna maganarsa. Amma akwai wani haɗarin da ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba, sai dai ba kasafai yake shiga labarai ba. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu ko huɗu, ɗalibi na riƙe da shi, ya zo sauka, sai jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle, ko ya kauce daga titi ya shiga ciyawa, ko tayar gaba ta karye farfela ta sari kwalta. Yau galibin irin wannan haɗari kan tsaya a asarar ƙarfe da jin kunya. A da kuwa da gawa ake fita daga fili.

Yadda aka taso daga can zuwa nan shi ne tarihin da za mu bi. Abin da zai fito fili shi ne, mutuwar ɗalibai ba ta fara raguwa ba sai da masu koyarwa suka daina cewa "yaron ba shi da baiwa", suka juyo suna duba yadda suke koyarwa da kuma irin jirgin da suke damƙa masa.

Me ya sa sauka ta fi wuya?

Jirgi yana tsayawa a sama ne saboda iskar da ke bi ta kan fukafukansa. Idan gudu ya ragu sosai, matuƙi kuma ya ci gaba da ɗaga hancin jirgin don kada ya yi ƙasa, akwai gaɓar da iska za ta saki fiffiken, jirgin ya sunkuyar da kai ya fara faɗowa. Matuƙa suna kiran wannan sitol. A can sama sitol ba wani abin tashin hankali ba ne, domin akwai sararin da za a sauke hanci, a ƙara wuta, gudu ya dawo. A kusa da ƙasa babu wannan sararin.

To ita sauka, a taƙaice, kusantar wannan gaɓa ce da gangan. Ɗauki Cessna 172, jirgin da makarantu da yawa ke koyarwa da shi. Yana tunkarar titi da gudun kilomita 120 a awa ko kusa da haka, kuma iska kan saki fiffikensa a wajen kilomita 90. Aikin ɗalibi shi ne ya rage wuta, ya gangaro, idan ya rage 'yan mitoci tsakaninsa da ƙasa ya ja sandar tuƙi a hankali, ya riƙe jirgin yana shawagi dab da kwalta har gudun ya ƙare, tayoyin baya su taɓa ƙasa. Idan ya ja da wuri, jirgin zai ƙare gudu yana sama ya faɗo tim. Idan ya makara, hanci ne zai fara isa. Idan ya zo da gudu fiye da kima, jirgin zai ƙi zama, ya yi ta shawagi har titi ya kusa ƙarewa. Ga kuma iskar gefe da ke tura shi hagu ko dama, wadda sai ya haɗa hannu da ƙafa kafin ya daidaita ta. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake faruwa, kuma da ido da jin jiki ake auna shi. Ana iya haddace littafin jirgi gaba ɗaya a kasa sauka.

Zamanin koyo da faɗuwa

Matsalar ta bayyana tun ranar farko. A ranar 17 ga Disamba 1903, Wilbur da Orville Wright sun tashi sau huɗu a kusa da Kitty Hawk a Amurka. Tashi na huɗu shi ne mafi tsawo, daƙiƙa 59, tafiyar kusan mita 260, kuma ya ƙare ne da jirgin ya daki yashi har katakon gabansa ya karye. A ranar 25 ga Yuli 1909, Louis Blériot ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila, duniya ta ɗauka, amma saukar da ya yi kusa da Dover ta lalata masa ƙafafun jirgi da farfela. Waɗannan su ne gwanayen zamanin. Mai karatu sai ya ƙiyasta halin da almajiransu ke ciki.

Blériot ya buɗe makaranta a garin Pau da ke kudancin Faransa, kuma salon koyarwar da ya yaɗu a ƙasar daga wajensa yana da ban mamaki. Jiragen masu kujera ɗaya ne, saboda haka malami ba ya shiga. Da farko ana ba ɗalibi jirgin da aka datse wa fukafukai don kada ya iya tashi, wanda suke wa laƙabi da sunan tsuntsun nan na ƙasashen ƙanƙara da ba ya tashi, wato fengwin. Zai yi ta gudu da shi a ƙasa har ya iya miƙe layi. Daga nan a ba shi wanda zai ɗan ɗaga ya dawo, sannan wanda zai kewaya fili. Malami na tsaye a ƙasa yana kallo, sai an sauko ya yi gyara, idan an sauko lafiya ke nan. A makarantu da yawa na wancan lokaci, abin da ɗalibi ya karya shi zai biya.

Su kuma 'yan gidan Wright sun buɗe tasu makarantar a 1910, kuma malami da ɗalibi suna zama kafaɗa da kafaɗa. Sai dai karatun gajere ne ƙwarai. Henry Arnold, wanda daga baya ya shugabanci rundunar sojan saman Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya koya a wajensu a 1911, kuma duk zamansa a sama lokacin karatun bai cika awa huɗu ba. A 1912 jirgi ya kuɓuce masa a sama, da ƙyar ya sha, tsoro ya kama shi har ya bar tuƙi na wasu shekaru. Ba wanda ya taɓa nuna masa abin da ake yi idan jirgi ya shiga wannan hali, domin malaman nasa ma ba su gama fahimtarsa ba.

Abin da aka fi tsoro a lokacin shi ne wulwulawa, wato jirgi ya yi sitol fiffike ɗaya ya riga ɗaya faɗuwa, ya kama juyi kamar katantanwa hanci a ƙasa. An ɗauka wanda ya shiga ba ya fita. A watan Agustan 1912 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Wilfred Parke, ya shige ta yana gangarowa zai sauka a Larkhill, ya kuma fita da rai bayan ya taka fedar juya wutsiya zuwa ɓangaren da ke gaba da juyin. An rubuta labarin, amma shekaru suka wuce kafin a mayar da shi darasi a makaranta.

Yaƙi ya tona asirin makarantu

Da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, Ingila ta buƙaci matuƙa da yawa cikin gaggawa. Ta tara samari, wasu shekarunsu 18 ko 19, ta zuba su a makarantu. Jirgin koyon shi ne Maurice Farman, wani tsohon yayi mai tarin wayoyi da injin a baya, wanda tuƙinsa bai yi kama da na jiragen yaƙin da za a ba su daga baya ba. Malaman kuwa yawanci matuƙa ne da aka dawo da su daga fagen daga don su huta, jijiyoyinsu sun riga sun gaji, kuma ba wanda ya koya musu koyarwa. Babu hanyar magana a sama saboda ƙarar injin, sai ihu da nuni da hannu. Malami da yawa ba ya sakar wa ɗalibi sandar tuƙi, musamman wajen sauka, don yana tsoron ransa. Bayan 'yan awoyi sai a ce wa yaro ya je ya tashi shi kaɗai. A 1916 awa 15 na tashi shi kaɗai sun isa a ce matashi ya cancanci a tura shi yaƙi.

Jiragen ma ba su taimaka ba. Ba su da birki. Wasu injinan ba su da hanyar rage wuta daki-daki, sai dai matuƙi ya riƙa danna wani maɓalli yana kashe wutar yana kunnawa har ya sauko. Injin kan mutu a kowane lokaci, kuma ɗalibin da injinsa ya mutu jim kaɗan bayan tashi yakan yi ƙoƙarin juyowa fili, gudu ya ƙare masa a tsakiyar juyi, ya wulwulo. Ɓarnar ta kai malamai na kiran ɗalibansu da sunan zagin da suke kiran Jamusawa, wai don sun fi abokan gaba lalata jiragen Ingila. A cikin wannan raha akwai hukunci: laifin na yaro ne. Wanda ya mutu, dama ba a halicce shi don tuƙi ba.

Mutumin da ya ƙi yarda da haka shi ne Robert Smith-Barry. An haife shi a 1886, ya koyi tuƙi a 1911, kuma yana cikin matuƙan Ingila na farko da suka tafi Faransa a watan Agustan 1914. A cikin watan ne injinsa ya mutu jirgin ya faɗi, wanda ke tare da shi ya rasu, shi kuma ya karye ƙafafu biyu. Ya warke yana dogara sanda, ya koma tuƙi, kuma a 1916 aka ba shi jagorancin runduna ta 60 lokacin gumurzun Somme. A nan ya ga yaran da makarantu ke aiko masa, waɗanda da ƙyar suke iya sauke jirgi lafiya balle su yi faɗa da shi. Ya rubuta wa manyansa cewa makarantun ne ba su iya aikinsu ba. Shugaban rundunar, Hugh Trenchard, ya ce to ya je ya gwada nasa. Aka ba shi makarantar Gosport da ke gaɓar teku a kudancin Ingila, wadda a 1917 ta zama makarantar horar da malamai.

Abin da ya kawo, idan aka faɗe shi yau, sai a ce ai kowa ya san wannan. A lokacin sabo ne fil. Ya zaɓi jirgi ɗaya, Avro 504, wanda halinsa ya yi kusa da na jiragen yaƙi, mai sandar tuƙi biyu. Ya zaunar da ɗalibi a kujerar da zai zauna ranar da zai tashi shi kaɗai, don idonsa ya saba da yadda ƙasa ke bayyana daga nan. Ya haɗa kowane ɗalibi da malami guda da zai bi shi daga farko har ƙarshe. Aka ƙirƙiro wani bututun roba da ya tashi daga bakin malami zuwa kunnuwan hular ɗalibi, ta yadda malami zai riƙa bayani a daidai lokacin da abu ke faruwa. Har bayan shekaru masu yawa ana kiran bututun da sunan Gosport. Su kansu malaman aka mayar da su aji, aka koya musu abin da za su faɗa da lokacin da za su faɗe shi.

Babban sauyin kuwa shi ne wannan. Tsohon tsari yana nisanta ɗalibi daga duk wani hali mai haɗari, yana fata kada ya gamu da shi. Smith-Barry ya ce a kai shi cikin halin da gangan, malami na tare da shi, a can sama inda akwai sarari. A sa jirgi ya yi sitol ya fitar da shi. A sa shi ya wulwula ya fitar da shi. A kashe masa injin ba zato, a ce ya nemi gona ya sauka. A sa shi ya sauka iska na bugowa ta gefe. Bayan ɗalibi ya tashi shi kaɗai ma ba a sallame shi ba, ana sake shiga da shi a gyara miyagun halayen da ya ɗauko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haɗurra suka ragu, matuƙan da ke isa fagen daga suka fi ƙwarewa, kuma kafin yaƙin ya ƙare an yaɗa tsarin a makarantun Ingila, wasu ƙasashe ma suka ɗauka. Duk ɗalibin da ya taɓa jin malaminsa ya rage wuta ya ce "injinka ya mutu, ina za ka sauka?" gadon Gosport yake ci.

Ba a ko'ina sauyin ya isa da wuri ba. Bessie Coleman, baƙar fatar Amurka da makarantun ƙasarta suka ƙi karɓa, ta tafi Faransa ta koya a Le Crotoy, ta samu lasisi a watan Yunin 1921. Tana cikin karatun ta ga wani ɗalibi ɗan uwanta ya faɗo ya mutu a gabanta.

Da taya ta koma gaba

An gyara koyarwa, saura jirgin. Kusan duk jiragen wancan zamani manyan tayoyinsu biyu suna gaba, sai wata ƙaramar taya ko ƙarfe a ƙarƙashin wutsiya. Wannan yana nufin cibiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyi. Idan jirgi ya taɓa ƙasa ya ɗan karkace, nauyin da ke baya sai ya nemi ya wuce gaba, kamar motar kaya da ta taka birki a kan santsi bayanta ya juyo. Idan ɗalibi bai yi saurin gyarawa da ƙafa ba, jirgin zai yi juyi a ƙasa, fiffike ya goga, taya ta karye, wani lokacin ya kife. A zamanin da fili ciyawa ce shimfiɗe ta ko'ina, kowa na iya fuskantar iska ya sauka. Da aka fara gina titin kwalta mai fuska ɗaya, iskar gefe ta zama abin kullum, wannan juyi ya ƙaru.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sake cika makarantu. A Kanada kaɗai an horar da ma'aikatan jirgi sama da 130,000, da jirage irin su Tiger Moth da Harvard. Amurka ta yi amfani da Piper Cub da Stearman, wanda tayoyinsa ke kusa da juna har ya yi suna wajen juya wa ɗalibai a ƙasa. Sojan saman Amurka sun rasa mutum kusan 15,000 a haɗurran da suka faru a cikin gida, inda babu mai harbin kowa, kuma da yawa a fagen horo ne. A rahotanni ana yawan rubuta dalili guda: kuskuren matuƙi.

A nan wani matashin masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya lura da wani abu. Matuƙan babban jirgin yaƙi B-17 suna sauka lafiya, sai su naɗe tayoyi jirgin ya zauna a kan cikinsa. Da ya shiga ɗakin tuƙin sai ya tarar maɓallin naɗe taya da na ɗage faifan bayan fiffike iri ɗaya ne, kuma suna kusa da juna. Gajiyayyen mutum, idonsa na kan titi, zai kai hannu ya taɓa wanda bai yi niyya ba. Aka maƙala wa na taya wani abu mai siffar taya, na fiffike kuma mai siffar fiffike, ta yadda hannu zai gane ko ba a duba ba. Kuskuren ya ragu ƙwarai. Har yau a ƙananan jiragen da ke naɗe taya, mariƙin yana da siffar taya. Darasin ɗaya ne da na Smith-Barry: idan mutane daban-daban suna ta yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, a duba wurin.

Maganin juyin ƙasa kuma tun shekarun 1930 wani injiniya Ba'amurke, Fred Weick, ya nuna shi. Ya mayar da manyan tayoyi bayan cibiyar nauyi, ya sa taya ta uku a ƙarƙashin hanci. Yanzu idan jirgi ya ɗan karkace, nauyin da ke gaba shi ke jawo shi ya miƙe. Jirginsa mai suna Ercoupe ya shiga kasuwa a 1940. Kamfanin Piper ya fito da Tri-Pacer mai tayar gaba a 1951, Cessna ya biyo da 172 a 1956, sannan ƙaraminsa mai kujera biyu, 150, a ƙarshen shekarun 1950, wanda 152 ya gaje shi a 1977. Cessna ya sa musu ƙafafun ƙarfe masu lanƙwasa su dawo, ƙirar wani matuƙin tsere mai suna Steve Wittman, waɗanda ke jure dukan da ɗalibai ke yi musu. An ƙera 172 sama da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a tarihi. Masu talla har suna nuna cewa saukar da shi kamar tuƙa mota ne.

Sabon jirgi, sabon kuskure

Maganar masu tallan ta wuce gona da iri. Tayar gaba ta kashe juyin ƙasa, amma ita kanta ba ta da ƙarfi, an yi ta ne don juya jirgi a ƙasa da ɗaukar nauyin injin. Ɗalibin da ya zo da gudu, jirgi ya ƙi zama, yakan tura sanda gaba don ya tilasta masa. Tayar gaba ta fara taɓawa, jirgin ya yi tsalle. Ya sake turawa, tsallen ya fi na farko. A karo na uku ko na huɗu tayar ta karye. Wannan shi ne haɗarin da ya fi cika rahotannin makarantu a yau. Ƙididdigar shekara-shekara da ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka ke fitarwa ta daɗe tana nuna abu guda: haɗarin sauka ya fi kowanne yawa, amma yana cikin waɗanda ba su cika kisa ba. Wanda ke kisa shi ne sitol a kusa da ƙasa, musamman a juyin ƙarshe kafin a fuskanci titi. A 1949 Amurka ta cire wulwulawa daga jarrabawar masu neman lasisin farko, saboda darasin kansa yana cin rayuka, ta mayar da ƙarfi kan gane alamun sitol tun kafin ya faru. Jirage kuma aka sa musu ƙaho mai ƙara idan iska ta kusa sakin fiffike.

Maganin tsalle da yawan gudu da karkacewa ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar wata na'ura: a fasa sauka. A ba injin wuta duka, a tashi, a kewayo a sake gwadawa. Abin da ke hana ɗalibai yin haka kunya ce da son a ce sun iya, ga malami na kallo, ga kuɗin kowace awa da iyaye ke biya. Makarantu sun daɗe suna yaƙi da wannan hali, suna nanata cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sai dai ita ma fasa saukar aiki ce mai wuya da ke son horo, kamar yadda wani abin takaici da ya faru a Ingila ya nuna.

A watan Yulin 2006, a filin jirgin Southend, wani yaro ɗan shekara 16 yana tashinsa na biyu shi kaɗai a cikin Cessna 150. Ya riga ya fuskanci titi zai sauka, sai ga wani jirgi mafi sauri a bayansa. Hasumiya ta umarce shi ya fasa sauka ya kauce gefe, umarnin da bai yi kama da abin da ya saba ba. Yaron ya juya, yana ƙasa-ƙasa, gudu na raguwa, har jirgin ya yi sitol ya faɗa wani filin shaƙatawa. Ya rasu. A 1916 da an ce ba shi da baiwa an rufe fayil. Masu binciken haɗurra na Ingila ba su tsaya nan ba, suka duba irin umarnin da aka ba shi da yadda ma'aikatan hasumiya za su riƙa sanin wa suke magana da shi. Daga nan aka kafa ƙa'ida a ƙasar cewa ɗalibin da ke tashi shi kaɗai ya fara ambaton kalmar "ɗalibi" kafin lambar jirginsa a rediyo, don a sassauta masa magana, a kuma guji ba shi umarni mai sarƙaƙiya.

A watan Satumban 2018 kuma, a filin Beverly da ke Amurka, wata yarinya 'yar shekara 17 ta tashi ita kaɗai a jirgin Piper, sai ɗaya daga manyan tayoyin ta cire ta faɗo. Ma'aikaciyar hasumiya ta sanar da ita cikin natsuwa, aka kira malami ya hau rediyo, ya yi ta bi da ita mataki-mataki tana kewaya fili har hankalinta ya kwanta. Ta sauka, jirgin ya zame ya shiga ciyawa, ta fito ba ko ƙwarzane. Muryar malami a kunnen ɗalibi a daidai lokacin da ake buƙatarta, abin da bututun Gosport ya fara ke nan shekara ɗari kafin nan.

Inda abin ya shafe mu

Wannan tarihi bai tsaya a Turai da Amurka ba. A 1964, shekara 39 bayan jiragen farko sun sauka a Kano, aka kafa makarantar koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Ta horar da matuƙa da injiniyoyi da ma'aikatan hasumiya daga Najeriya da wasu ƙasashen Afirka. Duk wanda ya zauna a Samaru ko Palladan ya san ƙananan jiragen nan da ke kewaya gari suna sauka suna tashi tun safe. Abin da suke maimaitawa shi ne darasin da muka yi ta magana a kai. Ɗalibin Zariya ma yana da nasa ƙarin: garin yana sama da mita 600 daga teku, kuma a zafin bazara iska kan yi sakayau, jirgi ya taɓa ƙasa da gudu fiye da na lokacin sanyi ya kuma ci titi mai tsawo. Hazon hunturu yana ɓoye sararin da ido ke auna sauka da shi, guguwar farkon damina kuma ba ta sallama.

Dokar binciken haɗurra ta duniya, wadda Najeriya ma ke bi ta hannun hukumarta ta binciken haɗurra, ta ce manufar bincike ita ce hana sake faruwa, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. An kai ga wannan jimla ne bayan an binne samari masu yawa da aka ce su suka jawo wa kansu. Mu da muke saurin cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa mu rufe magana, ya kamata mu lura cewa masu harkar jirgi ba su hana kowa faɗin haka ba, amma bayan sun faɗa sukan zauna su tambayi me aka koya wa yaron, wane jirgi aka ba shi, wa ya yi masa magana, me ya ce masa. Idan wata rana muka ji ƙaramin jirgin koyo ya kauce daga titi a Zariya ko Ilorin ko Kaduna, kafin mu yi wa ɗalibin dariya a nan dandali, mu jira rahoton, mu karanta shi.

Akwai 'yan uwa a wannan zaure da suka yi karatu ko aiki a fannin jiragen sama. Muna jiran ƙarin bayaninku a ƙasa, musamman kan yadda ranar tashin farko ba tare da malami ba take kasancewa a makarantunmu na gida. Sai mako mai zuwa.